Dalilin da Ya Sa Hayaƙin Murhu Yake Bin Mutum

Dalilin da ya sa hayaƙin murhu yake bin mutum duk inda ya koma, ku matso ku ji. Da can ba haka hayaƙi yake ba. Idan an hura wuta, miƙewa yake yi sama ɗoɗar kamar an kafa gora, ba ruwansa da idon kowa. Mace sai ta gama tuwo da miya kwallinta bai ɓaci ba.

A wancan zamani akwai wata mata mai suna Tasalla, tana aure a wani ƙauye a gindin dutse. Su uku ne a gidan: ita, da mijinta Jatau, da uwarsa Iya Kulu. Tasalla ta iya miya. In ta jefa daddawa a tukunya, mai wucewa ta bayan danga sai ya manta inda za shi. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Duk ranar da aka yanka kaza, kafin a sauke tukunya ƙundu ya ɓace, wani lokaci har da cinya. Ƙundu kuwa, kun sani, rabon maigida ne.

Ran nan Jatau ya lalube akushinsa kaf, ya ɗago kai ya ce, "Wai kajin garin nan ba a halittarsu da ƙundu ne?"

Tasalla ta ce, "Wallahi Malam, da hannuna na sa shi."

Iya Kulu, wadda kullum take kukan ba ta da haƙori, ta taɓe baki ta ce, "To, tukunya dai ba ta da ciki. Mu a zamaninmu, macen da ta ci nama a bakin murhu da rana kata ake raka ta gidan ubanta, ana kaɗa mata ƙwarya. In aka sake, haka za a yi."

Uban Tasalla dattijo ne mai mutunci, ta san in aka kai masa ita da sunan kwaɗayi, ba zai ƙara iya zama cikin mutane ba.

Washegari da rana tsaka ta fita neman itace. Tana tafe tana hawaye, ba ta ankara ba sai ga ta a gindin wata tsohuwar tsamiya da ko makiyaya ba sa hutawa a inuwarta. Wurin tsit, ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye, inuwar kuma sanyi kamar ruwan randa. Ta sunkuya za ta ɗauki wani busasshen reshe, sai ta ji an ce, "Ba a sallama ne?"

Wata tsohuwa ce zaune a tsakanin saiwoyi, tana tsefe gashinta da ya zubo har ƙasa. Tasalla ta kalli ƙafafunta, ta ga kofato. Ta zube a kan gwiwoyinta ta ce, "Sannu da hutawa, Kaka."

"Yawwa, kina da ladabi. Me ya sa ki kuka?"

Tasalla ta kwashe labari ta gaya mata. Tsohuwa ta yi dariya, amma bakinta bai buɗe ba. Ta sa hannu cikin gashinta ta zaro wani guntun itace baƙi ƙirin ta miƙa mata. Da Tasalla ta karɓa sai ta ji shi da ɗumi, kamar jikin jariri.

Tsohuwa ta ce, "Ɗana ne yake barci a ciki, hanci gare shi. Ki sa shi a murhu, ki ce ya nemo wanda ya taɓa cin abin tukunya a ɓoye. Amma aro na ba ki. Da ya nuna miki, ki zare itacen, ki kashe shi da ruwa, ki dawo mini da shi. Gidansa ke nan, ba shi da wani."

Ranar kasuwa aka sake yanka kaza. Tasalla ta ɗora tukunya, ta tafi rijiya da gangan, ta dawo ta duba. Ba ƙundu, ba cinya. Ta cusa baƙin itacen a murhu, ta raɗa masa abin da aka ce ta faɗa.

Hayaƙi ya fito, amma bai tashi sama ba. Kwanciya ya yi a ƙasa, ya taru, ya ɗaga kai kamar kumurci. Tasalla ta ji shi da kunnenta yana shinshina. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya ta tsallake danga. Shi kuwa ya ja ciki a hankali ya nufi zaure, inda Jatau yake zaune yana tufka.

Jatau ya matsa gefe, hayaƙi ya matsa. Ya fito tsakar gida, ya biyo shi. Ya ɗare kan rumbu, hayaƙi ya nannaɗe rumbun ya hau, ya shige masa hanci da ido.

Jatau ya kwarma ihu yana tari, "Na tuba! Ƙundu ni ne, ai dama nawa ne! Amma wallahi cinya ba ni ba ne!"

Hayaƙi ya sake shi, ya sauko, ya juya ya nufi ɗakin Iya Kulu. Tsohuwa ta saki asabari da sauri, ya bi ta ƙarƙashi. Can sai ga ta ta fito da rarrafe, hawaye shaɓe-shaɓe, ƙashin cinya ya faɗo daga haɓar zanenta.

Ta ce, "Tsotsa kawai nake yi, 'yar nan! Ni da ba haƙori!"

Jatau ya leƙo daga kan rumbu ya ce, "Iya, ashe tare muke?"

Tasalla me za ta yi in ba dariya ba. Ta yi har ta riƙe ciki, ta zauna daɓas a ƙasa, ta tashi ta kira maƙwabciyarta ta kan danga ta zo ta gani. Ko da ta tuna da itace ta waiwaya, ya ƙone ƙurmus, sai toka.

Hayaƙi ya dawo murhu ya kewaya, ya sake kewayawa, bai ga gidansa ba. Sai ya yi wani siririn kuka irin na jinjiri. Daga nan ya juyo da kansa wajen Tasalla.

Ta ja da baya ta ce, "Ni kuma? Ni na aike ka!" Amma tana faɗa ta tuna da 'yar hantar da takan jefa a baki da sunan ɗanɗana gishiri. Ya shige mata ido, ta ji yaji kamar an watsa mata barkono.

Ta kwashe tokar a ƙwarya ta ruga gindin tsamiya. Ba kowa a tsakanin saiwoyi. Sai murya ta sauko daga cikin rassa ta ce, "Toka kika kawo mini?"

"Kaka, ki yafe mini. Dariya ce ta ɗauke mini hankali."

"Ni ba zan taɓa ki ba. Amma kin sa shi aiki, kin ƙone masa gida. Ba zai huta ba, ba kuma zai dawo gare ni ba, sai wanda bai taɓa sa hannu a tukunya a ɓoye ba ya ce masa ya isa. Je ki nemo shi."

Tasalla ta bi gari gida-gida. Amma kafin ta isa, hayaƙin ya tsallake danga ya shiga murhun maƙwabta, daga nan na gaba, har ya gauraye da hayaƙin kowa. Dattawa masu rawani suka zo, tsofaffi masu carbi suka zo. Duk wanda ya tsaya ya ce, "Ni ban taɓa ba," kafin ya rufe baki idonsa ya kawo ruwa. Har Tasalla ta tsufa ba ta samu ko mutum ɗaya ba.

Shi ya sa har yau in kun zauna a bakin murhu hayaƙi yake juyowa kanku, ku koma gabas ya bi ku, ku koma yamma ya riga ku. Ba iska ce take kaɗa shi ba. Shinshina ku yake yi, yana neman wanda zai sallame shi ya koma wurin uwarsa. In kuwa kuka ji itace yana wani siririn kuka a cikin wuta, kada wanda ya amsa.