Jan Fentin Da Ya Yi Barci

Akwai wani tsohon direba a garin Wida, sunansa Baba Dossa. Ya tsufa a kan hanyar Kwatano da wata jar Fijo, har yanar ido ta zo ta ajiye shi. Likita ya ce kafin damina ganin zai rufe gaba ɗaya.

Motar kuwa tana kwance a tsakar gida. Kun san iskar teku ba ta da mutunci. Gishiri da rana sun cinye jan, ya koma fari fat kamar an barbaɗa mata garin rogo. Baƙaƙen robobin gefe duk sun yi furfura.

Buri ɗaya ya rage wa tsohon: ya sake ganin motarsa ja kafin duhu ya rufe shi.

Ɗansa Gbenu dillalin motoci ne a Kwatano, mutum ne mai ji da kansa. Da ya ji burin uban, sai ya ce:

"Baba, wannan ai wasa ne. A kankare ta, a fesa sabon fenti, jibi ka ga amarya."

Ƙanwarsa Afiyabi, wadda tun tana ƙarama ita ke wanke motar tare da uban, ta ce, "Yaya, dakata tukuna."

Ta lashi yatsa, ta goga a murfin injin. Wurin ya yi ja kamar jini, ya bushe, ya koma fari.

"Ka gani? Baba ya sha faɗa, fentin da ya amsa yawu bai mutu ba, barci yake."

Gbenu ya kwashe da dariya. "To Malama mai yawu, sai ki lashe motar duka. Mu a kasuwa baƙin mai muke shafa wa roba, nan take ta yi ƙyalli."

"Washegari kuma ta kwashi ƙura, mai saye ya tsine muku."

Tsohon ya ce a bar mata. Gbenu ya ce idan damina ta kama ba ta gama ba, ita ta hana Baba burinsa, kada ta kuka da kowa. Maganar nan ta soke ta, don gaskiya ce.

Haka ta fara. Da sassafe take aiki, don ƙarfe mai zafi ba ya karɓar man goge fenti. Ta wanke da ruwa mai yawa, ba omo. Ta ɗauki tsumma mai laushi, ta goge wuri kamar faɗin tafin hannu, ta matsa gaba. Kafaɗunta suka yi tsami, yatsunta suka tsage. Hadari ya fara haɗowa daga bakin teku, ita ko rabi ba ta kai ba. Ni kaina da nake wucewa ta ƙofar gidan na ce a raina yarinyar nan ta ɗauko dala ba gammo.

Ranar da ta kai ƙofar baya, sai ta ga wasu layuka suna tasowa daga ƙarƙashin farin. Ta rage ƙarfin hannu. Harafi ya fito, wani ya biyo shi. SIKA. Sunan mahaifiyarsu ne, wadda ta rasu suna yara. Ashe Baba ya sa an rubuta shi shekarar aurensu, gishiri ya binne shi har kowa ya manta.

Da ta gama, ta shafe motar da kakin kariya, robobin suka dawo baƙi wuluk. Wallahi ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Bishiyar kwakwa ta gidan tana tsaye a cikin fentin kamar a ruwa. Maƙwabta suka cika gidan suna kallo.

Aka fito da tsohon ana riƙe da hannunsa. Ya daɗe yana ƙifta ido.

"Ja ne," ya ce a hankali. "Ina ganin ja."

Afiyabi ta kai shi ƙofar baya. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen, ya karanta da kansa. Hawaye suka zubo masa.

"Sika, ashe kina nan."

Gbenu ya juya baya yana share fuska. Ya san da an bi tasa, da injin kankare fenti ya share sunan uwarsa bai ma sani ba.

Darasi: Ba duk abin da ya dusashe ne ya mutu ba. Gaggawa tana kankare abin da haƙuri zai tono, a mota ne ko a zumunci. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na shirin kankare nasa yau.