Gizo da Wasan Gunki

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kawu, mun gyara!

Wata shekara, farkon damina, Shamuwa ta dawo daga yawonta ta sauka a kan ɗakin Gizo. Kowa ya tafi gona, shi gogan yana kwance a inuwa yana sosa ciki.

Ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya Shamuwa. Ina tsarabata?"

Ta ce, "Ban riƙo komai ba sai labari. Bana har ƙasar Indiya na kai, na ga yaran can suna wani wasa. Mutum ɗaya zai tsaya gindin bishiya ya juya baya ya ce 'Gudu!' sai saura su taho a guje. In ya waiwayo ya ce 'Gunki!' kowa ya ƙame yadda yake, ko da ƙafa ɗaya a sama. Ba mai motsi sai an sake cewa 'Gudu!'"

Gizo ya tashi zaune. Ya ce, "Ko me ake yi, ba mai motsi?"

Ta ce, "Ko me ake yi." Ta tashi ta tafi neman kiraren sheƙa.

To a lokacin dabbobi suna gayyar noma. Kowa kan zo da abincin ranarsa ya ajiye a gindin wata tsamiya da ke bakin gona. Da rana ta take, sai ga Gizo, ba fartanya ba ƙwarya. Ya ce, "Sannunku da aiki, 'yan uwa! Na kawo muku wasan ƙasar waje, mai warware gajiya." Ya faɗa musu yadda ake yi, sannan ya ƙara da nasa. Ya ce, "Amma fa in na ce 'Gunki!' kowa ya rufe ido. Kun taɓa ganin gunki yana kallo?"

Suka ce ba su taɓa gani ba.

Ya tsaya gindin tsamiya. "Gudu!" Suka taho kamar an koro su. "Gunki!" Suka ƙame, ido a rufe. Gizo ya buɗe ƙwaryar Akuya ya shanye fura tas, ya goge baki, sannan ya ce, "Gudu!"

Da aka tashi cin abinci Akuya ta ce, "Wayyo furata!"

Gizo ya ce, "Rana ce ta tsotse ta. Zafin bana ba kamar na bara ba."

Kashegari ya dawo. "Gudu!" "Gunki!" Ya kwashe dafaffiyar gyaɗar Zomo, har ɓawon bai bari ba.

Zomo ya ce, "Wayyo gyaɗata!"

Gizo ya ce, "Gara ce. Garar wannan gonar ba ta da kunya."

Rana ta uku ya buɗe wani ƙunshi ya tarar da gasasshen nama yana naso. Bai tsaya tambayar na wane ne ba, ya cinye. Ashe na Kura ne.

Kura ba ta ce wayyo ba. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Rana ba ta cin nama, gara ba ta tauna ƙashi. Duk ranar da na gane ɓarawon nan, shi ne abincin ranata."

Da ya koma gida matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, na ji abin da Kura ta faɗa. Don Allah gobe ka yi zamanka."

Ya ce, "Ke dai ba ki san komai ba. Gobe Biri zai zo da zuma."

Gari ya waye, ya ɗaura wata 'yar gora a ƙugu, ya saki riga a kai. "Gudu!" "Gunki!" Ya sha zumar Biri iya shansa, ya ɗure sauran a gora. Garin sauri ya manta da marfi a gida. Yana cikin gyara riga ke nan sai ga Shamuwa ta sauka a kan tsamiya. Ta ga dabbobi jere, kowa ido a rufe.

Ta ce, "Kai, jama'a, ciwon ido ake yi a garin nan?"

Zomo ya ce, ido a rufe, "Wasan Indiya muke yi."

Ta ce, "Ni na kawo shi ai. Wa ya ce a rufe ido? Yaran can idonsu biyu, tar!"

Idanu suka buɗe gaba ɗaya, duk suka sauka a kan Gizo.

Ya ce, "Ɗan gyara na yi masa, don ya ƙara armashi."

Biri ya leƙa tukunyarsa ya kurma ihu, "Wayyo zumata!"

Kura ta lashe baki. Ta ce, "Madalla. Hajiya, ke za ki yi mana kira yau, kowa ya shiga, har mai gyaran. Ɓarawo ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya. Duk wanda ya motsa in an ce 'Gunki!' shi ne, kuma nawa ne."

Gizo ya nemi hanyar tsira. Ya duba gabas fili, yamma fili, in ya ruga Kura za ta cim masa kafin ya yi taku goma. Ba mafita sai ya kai ga tsamiyar nan ya haye. Suka koma can ƙarshen gona suka jeru, Kura ta zaɓi kusa da shi.

"Gudu!"

Gizo ya zuba a guje, gora tana ƙulum-ƙulum, zuma tana dalala a cinya.

"Gunki!"

Ya ƙame. Sai ga ƙudaje, buuu, suka sauka masa a ƙafa, ɗaya ya haye kan hanci yana wanke hannu. Gizo ya ce ta tsakanin haƙora, "Ɗan uwa, don girman Allah matsa."

Ƙuda ya ce, "Gunki yana magana?"

Gizo ya ƙara ƙamewa. Atishawa ta zo, ya haɗiye ta.

"Gudu!" Ya ci rabin gona. "Gunki!"

Wannan karon a kan gidan cinnaka ya tsaya. Suka hau ƙafa, suka shige wando, wannan ya ciza, wancan ya ciza. Hawaye na zuba, Gizo bai ko ƙifta ba. Ya ce a hankali, "Ku yi wa Allah, ku bari sai an jima."

Cinnaka suka ce, "Gunki yana jin zafi?"

"Gudu!" Saura taku bakwai ya taɓa tsamiya. "Gunki!"

Ya ƙame da ƙafa ɗaya a sama, jiki duk zuma. To akwai ramin tururuwa a gindin tsamiyar. Babbarsu ta fito ta sansana shi ta ce, "Yara, ku fito, ga alewa an yar!" Suka fito dubu kan dubu, suka shiga ƙarƙashinsa, suka ɗaga shi cak, suka kama hanyar rami.

Ga gunki yana tafiya a tsakiyar gona, kowa ido biyu.

Gizo ya ce, "Ku shaida, ban motsa ba! Ɗaukata aka yi!"

Aka wuce da shi ta gaban hancin Kura. Ta ji ƙanshin zuma, yawu ya zubo mata, amma ba halin motsi, don da bakinta ta ce wanda ya motsa shi ne ɓarawo. Idonta kaɗai ke bin sa. Tururuwa suka yi tuntuɓe da saiwa, igiyar ƙugunsa ta tsinke, gora ta faɗo ƙasa tim, zuma ta malale a gaban kowa.

Shamuwa ta dubi gora, ta dubi Gizo, ta ce, "Gudu!"

Kura ta yi tsalle, Gizo ya yi tsalle. Ta cafko riga, shi ya sulluɓe ya haye tsamiya ba riga, jiki duk kumburi. Kura ta zauna a gindi ta ce, "Sauko mana, mai gyara, wasa bai ƙare ba."

Bai sauko ba. Daga reshe ya bi reshe, daga nan ya faɗa rufin ɗakin mutane ya maƙale a lungu. Gidansa ma bai ƙara kwana ba. Shi ya sa har yau in kun ga gizo-gizo a bango, sai ya ruga da gudu, ya tsaya cak kamar ba rai, ya sake rugawa. Wasan yake yi har yanzu, yana jin kamar Kura na bayansa.

To kun ji. Duk wanda ya ce ku rufe ido don wasa ya yi daɗi, ku fara duba inda kuka ajiye ƙwaryarku. Kuma wanda ya murɗe dokar wasa don ya cuci abokansa, ranar da aka yi wasan daidai shi zai fara shan wuya.

Ƙungurus kan kusu. Gunki! Wanda ya fara motsi shi zai naɗe tabarma.