Tasalla da Ɗan Riƙon Ƙanƙara

Dalilin da ya sa wani kifi yake iyo a cikin ruwan ƙanƙara jininsa bai daskare ba, magana ce ta riƙon ɗan wani. Ku matso ku ji. Kun san kifin nan da ake kawowa kasuwa a kwali, ya sandare kamar itace, wanda in aka jefi mutum da shi sai an ɗinke masa goshi? To, can ƙarshen duniya ta kudu akwai teku mai sanyin da ya isa ya yi wa kifi haka da ransa. Amma akwai waɗanda suke zaune a ciki suna harkokinsu, ko atishawa ba sa yi.

Da can tekun nan da ɗuminsa. Sai wata shekara sanyi ya sauka ya ƙi tashi, Ƙanƙara ta zo ta shimfiɗa gidanta a saman ruwa. Ita kuwa mace ce mai yawan haihuwa. 'Ya'yanta ƙanana ne kamar garin gishiri, suna zubowa daga ƙarƙashinta suna yawo cikin ruwa. Kifi kuma ba ya iya rufe baki. Da ɗaya ya shige masa ciki sai ya fara girma, ya yi tsini kamar allura, ya yi rassa, kafin a ce kwabo kifin ya sandare.

Kifaye suka tattara nasu ya nasu suka yi arewa. Wata kifanya mai suna Tasalla ce ta kasa tafiya, don ta riga ta zuba ƙwai a kan wani falalen dutse, kuma in ta matsa ko na yini ɗaya, za a cinye su tas. Ba ta da ƙarfi, ba ta da gudu. Abin da Allah ya ba ta shi ne bin diddigi, irin mutanen nan da in suka ga tururuwa ta ɗauko abu sai sun bi ta sun ga raminta.

Maƙwabcinta Mantau shi ma ya zauna, amma shi taurin kai ne ya zaunar da shi.

"Tasalla, sanyi ai rago yake kamawa," in ji shi. "Ki yi ta motsa jiki kawai, jini ya yi zafi. Dube ni!"

Ya yi ta zagaye dutsen a guje, baki a buɗe, yana haɗiyar 'ya'yan Ƙanƙara kamar mai shan fura. A zagaye na bakwai ya tsaya cak, wutsiya a lanƙwashe, ya nutse ƙasa bai sake motsi ba. Tasalla ta yi kuka, don duk surutunsa mutumin kirki ne. Tsoro kuma ya kama ta sosai.

Da kukan ya lafa, halinta ya motsa. Ta ce a ranta, wai shin yaya abu ƙanƙane haka yake girma ba ya cin komai? Ta sami wani ɗan Ƙanƙara da ya maƙale a gefen dutsenta, ta tsura masa ido kwana uku. Sai ta ga ashe ruwa ne abincinsa. Ɗigon ruwa zai zo fuskarsa ya tsaya, wani ya tsaya kusa da shi, su jeru kamar sahun salla, tazararsu ɗaya. Da sahun ya cika sai ya zama jikin ƙanƙarar, wani sahun ya hau kansa. Yashi ya zo, ya zame. Gishiri ya zo, aka ture shi. Ɗan Ƙanƙara ba ya karɓar kowa sai wanda ya jeru irin jerinsa.

Tasalla ta yi sama, ta tsaya a ƙarƙashin gidan Ƙanƙara ta yi sallama.

"Inna, barka da hutawa. Na zo roƙo ne. Ki tsare 'ya'yanki a gida, suna ƙarar da mu."

Ƙanƙara ta yi wata dariya mai ƙara kamar fashewar tulu. "Yarinya, wa ya taɓa tsare 'ya'ya dubu sau dubu? Inda suka shiga, nan ne gidansu."

"To in haka ne, Inna, wanda ya shiga cikina ki ba ni shi riƙo."

"Riƙo? Ke da bakinki?"

"Ni da bakina. Ai ɗa na kowa ne."

"Na ba ki, har da waɗanda za su shiga cikin zuriyarki. Amma kin san al'ada, ba a dawo da ɗan riƙo."

"Na sani, Inna. Uwa kuma ba ta sa baki a yadda ake rainonsa."

"Wace uwa ce za ta yi wannan rashin kunya?" in ji Ƙanƙara. "Buɗe baki, ga na fari."

Tasalla ta haɗiye shi, ta komo kan ƙwanta. Tun a hanya ta ji ya fara tsikarinta. Ta zaro zare siriri daga jininta, ta saƙa majanyi da sauri, ta ɗaure yaron tamau. Ina! Santsi gare shi. Majanyin ya zame, ruwan jininta ya ci gaba da jeruwa a fuskarsa. Gefenta na hagu ya fara nauyi, ta ga ƙwanta suna yi mata bibbiyu a ido.

Nan ta tuna abin da ta gani a kwana ukun nan. Ta warware saƙar ta sake sabuwa. Wannan karon ta yi ta shimfiɗaɗɗiya a gefe guda, ta jera ƙananan ƙulli a kai da tazara irin ta sahun ƙanƙara, ɗigon ruwa ya zauna a tsakanin kowane ƙulli da ɗan'uwansa. Ta kai majanyin kusa da yaron. Shi kuwa da ya ji jerin ya yi daidai da nasa, ya ɗauka ɗan gidansu ne, ya cafke shi da kansa. Ko ɗauri ba ta yi ba.

Ta saƙa wani, ta saƙa wani, duk fuskar da ya juyo ta liƙa masa. Ruwa ya zo shiga sahu ya tarar an tare wurin. Ta 'yan tsakankanin majanyin, yaron ya yi yunƙurin kumburowa, ya yi ɗan tudu, wurin ya yi masa kaɗan, ya haƙura. Tsikarin ya tsaya, Tasalla ta yi ajiyar zuciya.

Bayan wata biyu Ƙanƙara ta leƙo ta ga Tasalla tana fifita ƙwanta lafiya lau. Ta hango ɗanta a cikin Tasalla, yana nan kamar ranar da ta ba da shi, ko ƙwayar gero bai kai ba. Abin ya ci mata rai. Ta buɗe baki za ta tambaya, kunya ta riƙe ta, don uwa ba ta cewa me ya hana ɗana girma a hannun uwar riƙo.

"Ya gida, ya yara?" shi ne abin da ta iya cewa.

"Lafiya lau, Inna. Yaro mai haƙuri, ko kuka ba ya yi."

Ƙwai suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan Tasalla suka fito da saƙar a jininsu ba wanda ya koya musu. Rana ta dawo, ruwa ya ɗan yi sauƙi, 'ya'yan Ƙanƙara da ke waje suka fara narkewa. Tasalla ta yi murna, ta ce nata ma zai narke ta huta. Ta jira, shiru. Ashe majanyin da ya hana ruwa shiga sahu, shi ne kuma ya hana na ciki fita. Ta ja majanyin, ya ƙi ciruwa, don yaron ya riƙe abinsa gam.

Ta koma wurin Ƙanƙara ido ya yi ja. "Inna, ko za ki karɓe shi ya ɗan kwana biyu a gida?"

Ƙanƙara ta dube ta, ta yi murmushi irin na wadda ta daɗe tana jiran wannan rana. "Me muka ce, yarinya?"

Tasalla ta tuna, ba a dawo da ɗan riƙo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta juyo, ta gyara wa yaron wuri a cikin saifarta, ta kwantar da shi. Da sanyi ya dawo wasu 'ya'yan Ƙanƙara suka shigo, ta goya su ta kai su kusa da shi.

Shi ya sa har yau jikokin Tasalla suke iyo a ƙarƙashin ƙanƙara jininsu na gudu. Masu bincike kuma in suka duba cikinsu, ko a lokacin da ruwan ya fi ɗumi, sukan tarar da 'yan ƙwayoyin ƙanƙara kwance a saifa, ba su girma ba, ba su narke ba. Uwarsu tana sama ba ta tambaya, uwar riƙonsu tana ƙasa ba ta da inda za ta sauke su.