Kura da Dokar Ɓoye Makami

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu saurara.

Kura ce dai hassada ta hana ta sakat saboda ƙahonnin Ɓauna. In Ɓauna ta shigo kasuwa, kowa sai ya kauce yana gaisuwa. Ita kuwa Kura ko kallo ba ta ishi kowa ba.

Sai ta je ta faɗi gaban Zaki. "Ranka ya daɗe, wasu na yawo da makamai tsirara, talakawa duk sun firgita."

Zaki ya ce, "Daga yau duk wanda ya bari aka ga makaminsa a kasuwa, a raba shi da shi."

Ranar kasuwa ga Ɓauna tafe, ta naɗe ƙahonninta da tsumma kamar mai ciwon kai. Daɗi ya kashe Kura, ta wangale baki tana ƙyalƙyala dariya.

Dila, dogarin Zaki, ya matso. "Inna Kura, waɗannan da ke bakinki fa?"

"Haba ɗana, ai haƙora ne!"

"Da su kika farfasa ƙashin jaki jiya. A kawo awartaki!"

Ɓauna ta koma gida ta kwance tsummanta. Kura kuwa, daga ranar sai shan kunu.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.