Mutumin da Ya Kashe wa Mesarsa Ɗumi

An yi wani mutum a garin nan na Landan, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma akwai dattawa a sahun gaban nan da suka ci tuwo da shi. Mutumin zangon Kumasi ne, a ƙasar Gana. Ya zo shi kaɗai, ya bar matarsa Awabu a gida tana jiran takardu. Yana tuƙa motar haya, yana zaune a wani ƙaramin gidan kansil, wato na ƙaramar hukuma, a saman bene a Plumstead.

Kun san kaɗaicin ƙasar nan. Ka dawo daga aiki, ka buɗe ƙofa ka yi sallama, babu mai amsa maka sai ƙarar firij. Haka ya yi shekaru yana yi.

Wata rana ya sauke fasinja a gaban wani shagon sayar da dabbobi. Ya leƙa, sai ya ga wata ƙaramar mesa a cikin akwatin gilashi, irin wadda idan ta tsorata take dunƙulewa kamar gammo ta ɓoye kanta a tsakiya. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa. Ya tambayi Baturen da ke da shagon daga ina take, aka ce daga Gana. Nan take zuciyarsa ta karye. Ya ga baƙuwa irinsa, an ɗauko ta daga rana an jefa ta cikin sanyi. Ya saye ta.

Na ga wasunku sun janye ƙafa. Ku kwantar da hankalinku, ban zo da ita ba.

Mai shagon bai bar shi ya tafi haka ba. Ya haɗa masa da wata 'yar shimfiɗa ta lantarki da ake sawa a ƙarƙashin gefe ɗaya na akwatin, don idan ta ji sanyi ta matsa can, idan ta ji zafi ta koma ɗaya gefen. Ya ce a yi mata wurin ɓuya, a ajiye mata ruwa, a riƙa ba ta ɓera, kuma kada a dame ta da ɗauka. Ya nanata masa abu guda: jikin wannan halitta ba ya yin ɗumin kansa, wanda ka ba ta shi ke gare ta. Duk abin da za ka kashe a gidanka, kada ka kashe wannan.

Ya 'yan uwa, da farko mutumin nan ya riƙe amana. Ya kife mata kaskon furanni ya fasa gefensa ta riƙa shiga. Ta yi makonni ba ta ci komai ba, shi ma abinci ya fita daga ransa. Ranar da ta haɗiye ɓeranta na farko ya yi ta zagaye ɗaki yana dariya, ya rasa wanda zai gaya wa. Da idanunta suka yi fari ya ɗauka ta makance, ya garzaya shagon da gudu, aka ce masa saɓa za ta yi, ya sa mata jiƙaƙƙen tawul kawai. A hankali ta saba da shi. Ta daina dunƙulewa, tana warwarewa a hannunsa tana lasar iska da harshenta. Idan ya shigo ya yi sallama, sai ya ga ɗan kanta ya leƙo daga cikin kasko.

Har zuwa nan babu laifi. Wanda ya ciyar da halittar Allah yana da lada, ko da halittar ba ta da ƙafa.

Sai wata rana abokin aikinsa Wahabu ya shigo ba zato, ya tarar da mesa naɗe a hannunsa. Wahabu bai tsaya neman takalminsa ba. Kafin Juma'a labari ya kai wa mutanenmu har na Camberwell. Ku ma kun san mu: Bature zai ajiye maciji a ce sha'awa ce, amma namu ya ajiye, sai a ce akwai abin da ya taka. Aka fara raɗa cewa ba mesa ba ce, aljana ce, kuma tana yi masa aiki.

Wahabu ya dawo da ladabi, ya durƙusa, ya ce yana da matsalar takardu, a taimaka masa. Me ya kamata mutumin nan ya ce? Ya ce ɗan uwa, a shago na saye ta, ɓera take ci, je ka nemi lauya. Bai faɗa ba. Murmushi ya yi, ya ce za a duba. Mutum ne da fasinja ke jefa wa kuɗi ba tare da an kalli fuskarsa ba, yau ga babban mutum a durƙushe a gabansa. Abin ya yi masa daɗi. Da Allah ya sa takardun Wahabu suka fito, sai magana ta ƙare. Ya wayi gari ana ce masa Malam.

Mutane suka fara zuwa. Wadda kansil ta hana gida, wanda aiki ya ƙi samuwa, wadda ɗanta ya daina jin Hausa ya daina jin magana. Kowa yana so ya ga mesar. To amma mesa ba ta san an ba ta muƙami ba. In ya fito da ita a gaban baƙi, ko ta dunƙule don tsoro, ko ta nemi shigewa hannun rigarsa, yana kokawa da ita yana jin kunya.

Wata safiya wayar shimfiɗar ta zare daga bango bai lura ba. Baƙi suka zo, ya ɗauko ta, ya ji ta yi sanyi ƙalau. Ya ɗora ta a wuyansa, ta kwanta shiru, ko motsi ba ta yi. Baƙin suka yi ta mamakin irin wannan biyayya. Shi ya san ba biyayya ba ce. Ya san sanyi ne ya kashe mata jiki. Amma daga ranar, duk lokacin da zai yi baƙi sai ya zare wayar da hannunsa, in sun tafi ya mayar. Baƙi kuma suka koma zuwa kullum.

A cikin wannan hali Awabu ta iso. Direba take zaton za ta tarar, sai ta tarar da Malam. Ta ga takalma jere a ƙofar mijinta, ta ga mata suna gaishe ta da girmamawa, ta yi murna har cikin ranta. Mace ce mai sauƙin kai, abin da mijinta ya ce shi ne. Ta sami aikin share ofisoshi a wajen Charing Cross, tana fita da asuba. Kuma abin mamaki, ba ta ji tsoron mesar ba. Ita ke canja mata ruwa, ita ke wanke akwatin.

Ita ce ta fara lura. Lokacin sanyi ya shigo, mesar ta daina ci, tana ɗaga kai sama tana buɗe baki, numfashinta yana fito da 'yar ƙara. Awabu ta taɓa gilashin, ta ce da irin Hausarsu ta zango, "Malam, abin nan shi na jin sanyi."

Ya ce kada ta sa baki a abin da ba ta sani ba. Baƙi da suka ji ƙarar suka tambaya, ya ce magana take yi masa. Dabba tana neman numfashi, ya 'yan uwa, shi yana fassara wa mutane.

A cikin sanyin nan ne Awabu ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta. Likitan unguwa ya duba, ya ce lalle ta je babban asibitin Camberwell, aka sa mata rana. Ta gaya wa mijinta a gaban wata baƙuwa. Baƙuwar ta riƙe baki, ta ce matar Malam guda a asibitin Turawa, ga magani a cikin ɗakinta?

Maganar ta tsaya masa a rai. In matarsa ta tafi asibiti, wa zai sake hawo masa bene? Da baƙuwar ta fita ya ce wa Awabu ta yi cancel, ta fasa zuwa, shi zai yi mata aiki. Yayanta Sumani, wanda ke gadi a Peckham, ya zo har gida ya roƙe shi ya bar ta ta je, a haɗa da addu'a. Ya ce Sumani ba shi da imani. Awabu ta bi bayan mijinta, ta ba yayanta haƙuri.

Kada ku ɗauka ba ya son ta. Yana son ta. Yana tuƙi yana tunaninta. Ya fi kowa sanin babu komai a hannunsa sai ruwan famfo da yake tofawa ya ba ta. Kullum sai ya ce wa kansa ƙila ba wani abu ba ne, bari sanyi ya wuce, bari mutane su ragu, sai ya kai ta a ɓoye. Haka shaiɗan yake yi. Ba ya ce maka kada ka gyara, cewa yake ka bari sai gobe.

Wata safiya bayan Awabu ta fita aiki, ya buɗe akwatin ya tarar da mesar a miƙe, baki buɗe, a kan shimfiɗar da babu wuta a cikinta. Can ta je ta kwanta, inda ta san ɗumi yake zuwa. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, don ita ce ta fara amsa masa sallama a ƙasar nan. Da ya gama kukan sai tsoro ya kama shi. Ya naɗe ta a baƙar leda, ya sauka ya jefa a babbar bolar gidan.

Awabu ta dawo ta ga akwati wayam. Allah ya sake buɗe masa ƙofa a ranar, da ya faɗi gaskiya da har yanzu akwai lokaci. Sai ya ce aiken mesar ya yi, ta tafi gida nemo mata magani.

Baiwar Allah ta gaskata. Ta ci gaba da zuba sabon ruwa a akwatin kowace safiya don kada mesar ta dawo da ƙishi. Tana ramewa, hannunta yana kumbura, tana jira. Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, tana jira. Har ranar da ta faɗi a wurin aiki da tsintsiya a hannunta, aka ɗauke ta zuwa asibitin da ta ƙi zuwa. Likitoci suka ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu. Suka tambayi mijin me ya hana ta zuwa ranar da aka sa mata. Ya sunkuyar da kai.

Ya zauna a bakin gadonta. Ta buɗe ido, ta ce, "Malam, abin nan ya dawo?"

A nan ƙarya ta ƙare masa. Ya gaya mata duka. Ya ce a shago ya saye ta, babu aljana, babu aike. Ya ce shi ya zare wayar, sanyi ne ya kashe ta, kuma ruwan da yake tofawa ya ba Awabun ruwa ne kawai.

Awabu ta kalli rufin ɗakin. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ka binne shi?"

Ya ce a'a, a bola ya jefa.

Ta ce, "To ka kira mini Sumani. Shi zai binne ni."

Ta juya fuskarta bango. Ba ta ƙara yi masa magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Sumani ya cika mata wasiyya. Shi ya tsaya a kan komai, shi ya shiga kabari ya kwantar da ƙanwarsa. Mijin yana can bayan mutane a tsaye, babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya miƙa masa hannu ya yi masa ta'aziyya.

Waɗanda suka durƙusa masa jiya su suka fi kowa tsine masa. Ya bar tuƙi. Yanzu in ya zo masallaci a bakin ƙofa yake zama, yana fita kafin a gaisa. Na je na gaya masa ƙofar tuba ba ta rufe ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce ya sani, Allah mai gafara ne, amma Awabu fa?

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai fara da kisa ba. Da murmushi ya fara, ranar da aka ba shi girman da ba nasa ba ya karɓa. Wanda ya iya kallon dabba tana shan wahala don a ce masa Malam, ya riga ya koya wa zuciyarsa yadda za ta kalli mutum. Kuma kada mu wanke kanmu. Su wa suka hau benen? Wa ya ce matar Malam ba ta zuwa asibiti? Mu ne. Gaibu na Allah ne shi kaɗai, mai ciwo kuma a kai shi wurin likita a bi shi da addu'a.

Kowannenku akwai ran da aka sa a hannunsa a ƙasar nan, wanda ba shi da kowa sai shi. Matar da ka ɗauko daga gidan iyayenta, tsohuwar da ba ta jin Turanci, yaro, ko dabbar da ka kulle a keji. Za a tambaye ka a kansu, ba a kan abin da mutane suka kira ka ba. In akwai ƙaryar da kake riƙe da ita, wani kuma yana cutuwa a ƙarƙashinta, ka sauke ta yau tun mai yafe maka yana iya magana.

Allah ya ji ƙan Awabu, ya sa ciwonta ya zama kaffara. Allah ya karɓi tuban bawansa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga son girma da cin amanar raunana, ya kiyaye waɗanda ke hannunmu daga sharrinmu. Amin.