Gonar da Ke Ƙetaren Rafi

Akwai wani mutum, manomi, wanda gonarsa take can ƙetaren rafi, ita ce ta ƙarshe a garinsu. Da gayya ake noma a garin. Yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, ana kiɗa ganga, mata suna kai tuwo da kunu. Amma kowace shekara daga bakin gari ake farawa, daga gonar maƙwabcinsa. Kafin a kai ga tasa, ciyawa ta riga ta shaƙe dawa. Wata shekara ma rafi ya cika, sai a ce, "A bari sai baɗi."

Shi kuwa ba ya fashin gayyar kowa. Yana sunkuye a kunyar maƙwabcin, yana ganin dawa ta yi shar, zuciyarsa tana ƙuna. In kaka ta yi, sai ya tsaya jikin danga yana kallon dammunan da ake zubawa a rumbun maƙwabcin, nasa ko rabi bai kai ba. Har dariyar 'ya'yan maƙwabcin ta koma masa kamar zagi. Ya daina fita cin tuwo a ƙofar gida tare da maza.

Wata rana wani baƙo ya same shi a gona shi kaɗai. Baƙon ya ɗauki fartanya ya taya shi har rana ta take. Da suka zauna a inuwa, baƙon ya ce, "Ɗan'uwa, kai ba ɗan garin nan ba ne?"

Ya ce, "A nan aka binne cibiyata."

"To, me ya sa guminka yake cika rumbun wani?"

Baƙon ya riƙa zuwa, kullum da goro da magana mai daɗi. Ran nan ya ce, "Muna da yawa irinka, waɗanda aka mai da saniyar ware. A wurinmu kai babba ne, amma sai ka nuna kai namiji ne." Ya danƙa masa ashana. "Ranar gayyar maƙwabcinka gari zai yi fayau, kowa yana gona. Jinkar rumbunsa ta bushe." A rumbun nan kuwa abincin gidan yake, har zuwa kaka.

Matar maƙwabcin ba mai yawan magana ba ce, amma ta lura. Ta aika wa manomin da tuwo, kwano ya dawo ba a taɓa ba. Sai ta ce wa mijinta, "Maigida, yaushe rabon maƙwabcinmu ya sa hannu a akushinka?"

Ya ce, "Ke ma dai! In mutum ya ƙoshi, dole ne?"

"Ya ƙoshi da me? Da ludayi matarsa take auna hatsi. Shekara da shekaru yana nome maka. Kai ka taɓa ƙetare rafi?"

Mijin ya ajiye loma, ya tashi ya fita.

Ranar gayya, manomin ya ce ba shi da lafiya. Da gari ya yi tsit, ya zaga bayan danga, ya tsaya gindin rumbun, ya zaro ashana. Sai ya ji ganga. Ya kasa kunne. Ba daga bakin gari take ba, daga ƙetaren rafi take.

Ya ruga. Ya tarar da mutanen gari duka a gonarsa, maƙwabcin yana kan gaba, ya bar tasa gonar cikin ciyawa. Tuwon da matar maƙwabcin ta tuƙa don gayyarsu, ga shi nan a inuwa. Maƙwabcin ya ɗago ya ce, "Kai, mai gona, sai yanzu? Muna ta gumi kana barci! Zo ka nuna mana iyaka, kada mu nome wa wani."

Manomin ya koma bakin rafi kamar zai wanke fuska, ya saki ashanar a ruwa. Baƙon yana tsaye nesa, yana gani. Ya juya ya nufi garin gaba, yana tambaya wace gona ce ta ƙarshe.

Ma'anar wannan misali ita ce, masu jan mutane zuwa kisa da ƙone-ƙone ba su zuwa da takobi tun farko. Da fartanya suke zuwa, da goro, su zauna da wanda muka bari shi kaɗai. Hassada zunubi ce, kuma da a ce mutumin nan ya ƙyasta ashana, da alhakin yana kansa a gaban Ubangiji. Amma mu duba, wa ya bar ciyawa ta girma? Ba wanda ya ƙi shi. Mantawa kawai aka yi, shekara bayan shekara.

Kai da zuciyarka take ƙuna don abin ɗan'uwanka, ka faɗa wa Ubangiji, ka faɗa wa mutane, kada ka faɗa wa baƙo mai ashana. Mu kuma mata, mu muke wanke kwanoni, mu muke fara sanin wanda ya daina ci da mutane. Kada kunya ta hana mu magana.

A kowace unguwa akwai gonar ƙetaren rafi, har a cikin ikkilisiya. Baƙon ya san hanyarta. Mu riga shi isa.