Na'urar da Kwamfuta Ta Ƙi Karɓa

Ku gyara zama ku kasa kunne, yau gardama na kawo muku.

A wani gari da ke hayin kogi an yi wani tela, Tanimu, da matarsa Barira. Cikinta ya tsufa, rannan da hantsi sai jini ya ɓalle mata. Ya kai ta asibitin garin, ƙannenta mata uku suna biye da su: Suwaiba, Lantana da Tasalla. Tun asuba kuwa ake sheƙa ruwa, kogi ya shanye gada, babu halin wucewa da ita babban asibiti.

Likita ta duba ta, ta fito ta ce, "Malam Tanimu, ba zan sa mata wuƙa a makance ba. Sai na ga abin da ke ciki." Tsohuwar na'urar hoton ciki ta mutu, amma an kawo sabuwa, 'yar ƙarama da ake jona wa kwamfutar tebur. Aka buɗe kwali, aka zo jonawa, kan wayar na'urar ya ƙi shiga. Shi siriri ne irin na yanzu, ramukan USB na kwamfutar kuwa masu faɗi ne irin na da. Tanimu ya jingina da bango, yana jin nishin matarsa ta bayan labule.

Suwaiba, mai sayar da kayan waya a bakin kasuwa, ta kalli kan wayar sau ɗaya ta fice da gudu. Ruwan kwararo ya kai mata ƙugu, ya tafi da takalmanta, ta dai kai shagonta. Ta dawo da ɗan mahaɗi mai haɗa siririn kai da rami mai faɗi, a dunƙule cikin leda, ƙafarta na jini. Aka sa shi, wayar ta shiga.

Fitilar na'urar ta kama, ta mutu. Aka canza rami, haka. Lantana, wadda ta gaji gyaran rediyo da talabijin wurin mahaifinsu, ta ce ramukan gaba ba sa ba da isasshiyar wuta. Ta juya akwatin kwamfutar, ta tarar da na baya duk sun yi tsatsa, sai guda ɗaya mai shuɗin baki, shi ma ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe. Ta kashe kwamfutar, ta zare fil daga ɗankwalinta, ta shiga miƙe shi a hankali. In ya karye, shi ke nan, babu wani. Tanimu bai iya kallo ba. Da aka kunna, fitila ta kama ta tsaya.

Sai kwamfutar ta rubuto cewa ba ta gane na'urar ba. Likita ta leƙo ta ce jinin fa yana ƙaruwa. Tasalla, autarsu mai karatun kwamfuta da ta zo hutu, ta ce, "Yaya Tanimu, direba ce babu, wato manhajar da ke gabatar da na'ura ga kwamfuta." Faifan da ya zo cikin kwalin ya ƙi buɗewa, sabis kuma ya ɗauke a garin. Tasalla ta hau dutsen bayan gari, ana walƙiya ana tsawa, ta lulluɓe wayarta da hijabi har ta samu sabis. Ta ga manhajar iri biyu ce, ba ta san wadda za ta dace ba, sai ta daure ta jira ta sauke duka, ta koma asibiti da gudu. Ta farko da aka sa ta ƙi. Ta biyu ta karɓu.

Hoto ya fito. Mabiyiya ce ta tare wa jaririn hanya, kuma likita ta ga inda za ta tsaga da inda za ta kauce wa. Aka shiga da Barira tiyata. Wajen la'asar Tanimu ya ji kukan jaririya, aka ce masa uwar ma tana numfashi. Ya durƙusa a barandar yana hawaye, ya yi alwashin zai sa wa 'yar sunan wadda ta ceci ransu.

Ga suna ya matso, dangi sun rabu uku, Tanimu ya rasa ta cewa. Suna kuwa ɗaya ake raɗawa.

To, ku da ke zaune, tsakanin Suwaiba da Lantana da Tasalla, sunan wa ya kamata jaririyar nan ta ci?